Jirgin sama na ƙirar gida: kuɗin dako na neman fin kuɗin kaya

A makon jiya, cikin shirinmu na sana'o'in hannu a gidan radiyo, wani mai walda daga Damagaram ya bugo talho da wata tambaya da ta ba mu dariya a ɗakin watsa shiri, amma daga baya ta hana ni sakat. Ya ce ya gani a salularsa cewa a Amurka ana sayar da ƙaramin jirgin sama a warware cikin akwati, mutum ya haɗa abinsa a gida, shi ne yake son ya ji ko idan ya tara kuɗin da ya gani a rubuce za a kawo masa har ƙofar shagonsa. To, gaskiya ne ana sayarwa. Sai dai kuɗin da ya gani na kayan ne a bakin ƙofar masana'anta. Abin da ke tsakanin waccan ƙofa da tasa shi ne za mu duba yau tare da ku, masu karatu.

Su wa ke wannan sana'a?

Ƙera jirgi a gida tsohon abu ne a ƙasashen Turawa. A 1934 wani Bafaranshe mai suna Henri Mignet ya fitar da littafi yana koya wa jama'a yadda za su ƙera ɗan jirginsa da ya laƙaba wa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama. A Amurka kuwa, a 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar EAA ta masu wannan sha'awa, wadda taronta na kowace shekara a garin Oshkosh ke tara jirage sama da 10.000. Dokar Amurka ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya haɗa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, kuma ma'aikatan hukuma suka duba suka ba shi takarda.

Yawancin masu yi a yau kit suke saye, wato kayan jirgi da aka yanka aka huda, saura haɗawa. Kamfanin Van's da ke jihar Oregon, jiragensa fiye da 11.000 ne suka tashi a duniya. Akwai kuma Zenair na Kanada, wanda injiniya Chris Heintz ya kafa a 1974, da ɗan uwansa Zenith da ke jihar Missouri. Injin da aka fi ɗora wa ƙananan jiragen shi ne Rotax 912, mai ƙarfin doki 80 ko 100, ana yin shi a ƙasar Ostiriya, kuma man mota yake sha. Kun ga ke nan tun daga tushe, da wuya a haɗa jirgi ɗaya ba tare da kayansa sun ƙetare iyakar wata ƙasa ba.

Makwabta ma suna ji a jikinsu

Mu fara da Kanada, wadda ke maƙwabtaka da Amurka, ga hanyoyi masu kyau, ga yarjejeniyar kasuwanci a tsakaninsu. Duk da haka, masu ƙera jirgi a can sun daɗe suna kokawa. Idan fakiti ya zo ta gidan waya, daga darajar dalar Kanada 20 ake fara karɓar haraji, kuma gidan wayar na ƙara kusan dala 10 na wahalarsa. Idan ta kamfanonin aika kaya masu zaman kansu ne, sabuwar yarjejeniyar da ta fara aiki a watan Yuli na 2020 ta ɗaga iyakar zuwa dala 40, sai dai su kuma suna da nasu kuɗin cika takardun duwan, wanda mai kaya ba ya sanin yawansa sai direba ya tsaya a ƙofarsa da faktir. Mutum kan sayi ƴan ƙusoshi, kuɗin takarda ya kusa kamo kuɗin ƙusoshin.

Shi ya sa wasu da ke kusa da iyaka ke kama hayar akwatin saƙo a gefen Amurka, su tara kaya, su je da motarsu su ɗauko, su biya harajin da kansu. Babban dillalin kayan nan, Aircraft Spruce na Kaliforniya, da ya ga haka sai ya buɗe reshe a garin Brantford na lardin Ontariyo. A 2025 kuma rikicin haraji ya ƙara dagula lissafi: Amurka ta ɗora kashi 25 bisa 100 a kan ƙarfe da alminiyam na waje a watan Maris, ta mai da shi kashi 50 a watan Yuni, Kanada ita ma ta rama. Alhali mafi yawan alminiyam da Amurka ke shigowa da shi daga Kanada yake fitowa, kuma da alminiyam ake yin jikin jirgi.

Akwati ake aunawa kafin kaya

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kayan jirgi ba su da nauyi, amma suna da cin wuri, kuma masu dako wuri suke sayarwa. Kamfanonin aika kaya na gaggawa suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 5.000, abin da ya fita shi ne kilon da za a biya idan ya fi nauyin gaskiya. Mu ɗauki misali: gilashin roba da ke rufe kan matuƙi, nauyinsa da kwalinsa kilo 6, amma kwalin santimita 120 ne da 40 da 30. Lissafin zai ba da kilo 29. Kuɗin kilo 29 ke nan za ka biya a kan kayan kilo 6.

Sai matsalar tsawo. Fallen alminiyam na jirgi kan zo da faɗin mita 1,22 da tsawon mita 3,66. Marar kauri ana iya naɗe shi kamar tabarma a sa a kwali, mai kauri kuwa sai an yi masa akwatin katako an ɗora a kamyo. Su ma bututan ƙarfe, manyan kamfanonin aika kaya ba su karɓar abin da ya wuce kusan mita 2,7 a matsayin fakiti, don haka ko a yanka bututun, ko a biya kuɗin babban kaya. Wanda bai duba zanen jirginsa ba ya ce a yanka, zai iya tarar da cewa guntayen ba su kai tsawon da yake bukata ba. Shi kansa akwatin katakon da kuɗinsa, kuma dole katakon ya ɗauki hatimin NIMP 15, shaidar an kashe ƙwarin da ke ciki, in ba haka ba a tsare shi a tashar jirgin ruwa.

Akwai kuma kayan da ake lissafawa cikin masu haɗari: fenti, da gam na musamman, da batir na litiyom. Waɗannan suna da kwalinsu da takardunsu da ƙarin kuɗinsu, wasu dillalan ma ba su fitar da su ƙasar waje sam.

Idan kayan Nijar za su zo

Nijar ba ta da bakin teku. Cikakken kit ta ruwa yake zuwa cikin kwantena, sannan kamyo ya ɗauko shi. Hanyar da aka saba ita ce ta Kwatano zuwa Malanbil da Gaya har Yamai, kimanin kilomita 1.000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka rufe wannan iyaka, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin motoci da rakiyar soja, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Ƙananan kaya su ne ke iya saukowa ta filin jirgin Diori Hamani.

A duwan, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafin haraji ba. Ana haɗa kuɗin kaya da na dako da na inshora, a kan jimlar ake cirewa. Harajin shigowa yana da sahu biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 bisa 100, sannan TVA ta kashi 19 ta hau kan duka. Mu ce ka sayi kayan jika 500, dako ya ci jika 300, inshora jika 10. Jimla jika 810 ke nan. Idan an sa kayan a sahun kashi 5, harajin shigowa zai kama jika 40 da rabi, TVA kuma kusan jika 162. Kayan jika 500 sun wuce miliyan 1 ke nan, tun ba a zo kan ƙananan harajoji da ladan taransite da kuɗin mangaza ba. Duk jikar da aka ƙara maka a dako, sai ka sake biya mata haraji.

Wani abin lura shi ne, a littafin duwan na duniya kayan jirgin sama suna da lambarsu, amma bulon da ekuru da fallen alminiyam ba su shiga ciki, ko da don jirgi aka saye su. Kowanne da lambarsa da sahunsa. Saboda haka faktir da bai fayyace kaya ɗaya bayan ɗaya ba, gardama ce ake saye a gaban ma'aikacin duwan, kuma kowace kwana da kaya suka ƙara a mangaza kuɗi ne.

Bayan an biya, wa ke amsa kira?

Kuɗi rabin magana ne, sauran rabin ita ce hidima. Kit ɗaya na ɗauke da dubban ƙananan abubuwa, kuma kamfanoni kan ba da ɗan wa'adi mai saye ya ƙirga ya faɗi abin da babu. Ga wanda ke Amurka, abin da aka manta zai iso cikin kwanaki kaɗan. Ga na nesa kuwa, ko an ba shi kayan kyauta, dako da duwan suna nan. Haka idan wani abu ya ƙare a shago lokacin da aka yi oda: za a aiko shi daga baya shi kaɗai, a sake biyan dako. Kayan da suka lotse a hanya, idan ka sa hannu ka karɓa ba ka buɗe a gaban direba ka rubuta ɓarnar ba, da wuya inshora ta saurare ka. Kuma yawancin masana'antu suna sayarwa ne bisa sharaɗin da ƴan kasuwa ke kira EXW, wato daga ƙofarsu alhakin kaya ya koma wuyanka.

Abin da ya faru da kamfanin Van's ya isa darasi. An gano cewa wasu sassan da aka yanka da hasken leza suna tsagewa a bakin huda, ga wasu matsalolin kuɗi, har a watan Disamba na 2023 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami aka ce ko su yarda da sabon farashi, wanda ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku, ko su shiga layin masu bin bashi. Kamfanin ya farfaɗo a 2024, amma masu saye na ƙetare sun ga yadda nisa ke mai da ƙaramar matsala babba.

A yankinmu an taɓa yi

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya fi ƙarfin Afirka ta Yamma. A Kaduna aka haɗa jirage 60 na koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya masu suna Air Beetle, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin shekarun 1990, kuma asalinsu kit ne na Van's samfurin RV-6A. A garin Kpong na Gana, wata matashiya mai suna Patricia Mawuli, wadda ta fara da aikin tumɓuke kututture a filin jirgi a 2007, ta samu lasisin tuƙi a 2009, ta kuma riƙa haɗa jiragen Zenith tana koya wa ƴan mata. Aikin Kaduna gwamnati ce ta tsaya masa, na Kpong kuma kamfani ne, dukansu suna da hanyar shigo da kaya a dunƙule.

A ɗaya gefen kuma akwai Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007, yana ɗan shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic. Ya nuna basira, duniya ta yi labarinsa, amma jirgin bai wuce kimanin mita 2 daga ƙasa ba. Hannu da ƙwaƙwalwa muna da su, kayan da suka cika ƙa'ida su ne nesa.

Inda haɗarin yake

A nan ne abin ya wuce maganar aljihu. Mutumin da ya jira wata biyu saboda bulon huɗu, ya ga kuɗin dakonsu ya ninka kuɗinsu, zuciyarsa za ta raya masa ya shiga kasuwa ya sayi mai kama da su. Bulon jirgi na Amurka da inci ake auna shi, namu na kasuwa yawanci da milimita, kuma ƙarfen ma ba ɗaya ba ne, don na jirgi an gwada ƙarfinsa an san iyakarsa. Haka alminiyam na tukunya ko na tagogi ba ya maye gurbin na fiffike. Mota idan ta lalace sai a gangara gefen hanya a jira makanike, a sama babu gefen hanya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga mai waldar Damagaram da duk mai irin burinsa, shawarar ita ce kafin ya aika ko dala ɗaya, ya fara zuwa hukumar ANAC da ke kula da zirga-zirgar jiragen farar hula a Yamai, ya ji sharuɗɗan rajista da dubawa. Sannan ya nemi mai sayarwa ya rubuto masa nauyi da girman kowane akwati, ya kai wa taransite ya fitar masa da lissafi har ƙofar gida. Ya tara odarsa ta zo a tafiya ɗaya, ya ƙara ƙananan abubuwa irin su ribit da bulon fiye da abin da zane ya nema, domin ɓata ɗaya ko biyu ba makawa ne ga mai koyo. Ya ce kada a aiko komai sai kaya sun cika, ya kuma biya inshora. Idan ya ga lissafin ya fi ƙarfinsa, kamfanonin nan suna sayar da kayan wutsiya kaɗai, wasu ma har da ɗan abin gwaji na koyon buga ribit. Da shi zai gane ko hannunsa zai iya, ya kuma ga nawa hanyar za ta ci kafin ya zuba dukiyarsa.

Mun yi masa alkawarin maimaita wannan bayani a shirinmu na mako mai zuwa, da fatan zai kasance kusa da akwatin radiyonsa.