Idan Muryar Yaro Ta Daɗe A Dishe, A Kai Shi Asibiti

Da zarar likita ya ambaci kalmar ƙari, sai gaban mutane ya faɗi, domin abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne ciwon daji. Amma akwai ƙari iri-iri da ke tsirowa a huhu da hanyoyin numfashi waɗanda ba daji ba ne, watau ba sa cin naman da ke kusa da su, ba sa kuma bin jini su watsu cikin jiki.

A huhun manya, wanda aka fi samu shi ne wanda likitoci ke kira hamatoma. Wani ɗan curi ne na guringuntsi da kitse, yana girma sannu a hankali, kuma sau da yawa ba a sanin yana nan sai an ɗauki hoton ƙirji don wani dalili dabam. In bai dami mai shi ba, akan bar shi a riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Na yara kuwa shi ne abin da ya kamata iyaye su sani. Ana kiransa fafiloma, ƙananan tsiro ne da ke fitowa a cure a cikin maƙogwaro, daidai inda murya ke fita. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa shi, musamman iri na 6 da na 11, kuma galibi jariri yakan ɗauke ta ne daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, ko da yake yawancin jariran da suka gamu da ƙwayar ba sa kamuwa. Akasari yakan bayyana kafin yaro ya cika shekara 5.

Alamar farko ita ce murya ta dishe, ko kukan jariri ya yi rauni. Daga nan sai numfashi ya soma ƙara, musamman sa'ad da yaron ke jawo iska. A nan ne ake ɓata lokaci. Wasu su ce asma ce, su yi ta sayen magani a kemis wata da watanni. Wasu kuma su kai shi wurin wanzami a cire masa beli, alhali tsiron yana can ƙasa inda aska ba ta isa. Hanyar iskar ƙaramin yaro kuwa 'yar siririya ce, tsiro kaɗan ya isa ya toshe ta. Saboda haka ko da yake ba daji ba ne, yana iya kisa in aka yi sakaci.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke gane shi, ta hanyar leƙa maƙogwaron da wani ɗan siririn madubi mai fitila. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa kamar na Zariya da Kano da Ibadan da Legas. Maganinsa aiki ne: a sa yaro barci, a bi ta baki a cire tsiron. Sai dai yakan sake fitowa, har wani yaron a yi masa aiki sau da dama, don haka kada iyaye su yanke zuwa asibiti don sun ga sauƙi. A wurin yara da yawa yakan lafa in sun kusa balaga.

Akwai kuma rigakafi. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta. Manufarta ita ce hana dajin bakin mahaifa, amma tana kare su daga iri na 6 da na 11 ma. A ƙasar Ostareliya, inda aka soma allurar a 2007, yaran da ke kamuwa da fafiloma sun ragu ƙwarai.

Duk yaron da muryarsa ta haura mako 3 a dishe, a kai shi a leƙa maƙogwaronsa. In kuwa numfashinsa na ƙara, to, kada a kwana da shi a gida.