Ko Ka Sani? Mota Ma Tana da Indararonta

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga, ta nufi Shagari da Tambuwal, musamman a watan Agusta lokacin da malka ta kankama, wataƙila ya taɓa zama cikin wata mota ya ji, duk sa'ad da direba ya taka birki ko ya sha kwana, wani sauti yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafunsa kamar an girgiza tulun da bai cika ba. Da yawa sukan zaci man tanki ne ke kai da kawowa, alhali kuwa ruwan sama ne ya sami mafaka cikin jikin motar, ya rasa hanyar fita.

Bayanin wannan al'amari yana ga wani sashe da ido ke gani kullum amma hankali bai cika kai wa gare shi ba, wato dokin ƙofar mota, wannan dogon ƙarfe da mutum ke tsallakewa in zai shiga, wanda ya miƙe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya. Wanda ya dube shi daga waje sai ya ɗauka curarren ƙarfe ne, amma a haƙiƙa kogo ne, fallayen ƙarfe aka lanƙwasa aka haɗa da walda suka zama kamar dogon akwati, domin a sami ƙarfi ba tare da nauyi ba. Da yake maƙera mota sun san cewa babu wata dabara da za ta hana ruwa shiga ɗungurungum, sai suka bi hikimar magina soro, waɗanda ba su jayayya da ruwan sama, sai dai su yi masa indararo ya bi ya sauka: suka bar ƙananan kafofi a ƙarƙashin dokin ƙofa da kuma gindin kowace ƙofa, don abin da ya shiga ta gefen gilashi ya tsiyaye ƙasa.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne ga buɗaɗɗiyar mota mai rufin tamfol, wadda ake naɗe rufinta a mayar baya, irin samfurin Peugeot 504 Cabriolet da aka fitar a Turai a 1969, 'yar'uwar 504 ɗin nan da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika hanyoyinmu da ita. Mota mai rufin ƙarfe tana samun kaso mai yawa na ƙarfinta daga rufin. Wadda aka cire wa rufi kuwa, dokin ƙofa da daɓenta su ne ke ɗauke da amanar jikinta duka, shi ya sa ake ƙara musu kauri. Sa'an nan wani kaso na ruwan da ya zuba bisa tamfol yana gangarawa ne cikin wani kwararo da ke bayan kujeru, daga nan ya bi siraran bututu zuwa ƙarƙashin mota. Idan bututun suka toshe, sai ruwan ya tumbatsa ya malala cikin dokin ƙofa da ƙarƙashin kafet, ya kwanta daidai wurin da motar ta fi dogara da shi.

Irin wannan mota ba ta da yawa a ƙasarmu, amma illar ba ta tsallake mu ba, domin motocin tokumbo masu tagar rufi sun yawaita, kuma kowace taga tana da kwararonta da bututu a kusurwoyinta, na gaba suna bin ginshiƙan gilashin gaba su sauka ƙasa. Sababin toshewarsu kuwa a nan ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa wata da watanni. Mai mota, don gudun zafin bazara, yakan ajiye ta a inuwar dogon yaro, ganye da furanni su yi ta zuba. Zanzaro ma yakan sami rami ya yi gininsa na laka. Da ruwan farko ya sauka, sai wannan tarkace ya kwaɓu ya zama taɓo, ya liƙe kafofin kamar an yi musu yaɓe.

Daga nan sai tsatsa ta fara aikinta a ɓoye. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuma yana gaggauta abin ƙwarai. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Turai da Amurka kuwa sun riga sun sha gishirin da ake watsawa a tituna can lokacin ƙanƙara. Saboda tsatsar daga ciki take ci zuwa waje, ranar da mai mota zai ga fenti ya kumbura kamar borin jini, ƙarfen ya daɗe da zama ɓawo, har wani lokaci a sa jak a ɗaga mota, wurin ya lotsa. Kafin a kai ga haka akwai alamomi ga mai lura: warin rima, gilashi mai yin hazo da safe, kafet mai danshi, da fitilu ko makullan lantarki da ke rikicewa, tun da wayoyi da yawa ta gefen dokin ƙofa suke bi. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Magani kuwa mai sauƙi ne. A tsayar da motar a wuri mai ɗan gangare, a ja birkin hannu, a durƙusa a bi ƙarƙashin dokin ƙofa da gindin ƙofofi ana neman kafofin. A wasu motoci akan tarar da toshiyar roba wadda ake cirewa ruwa ya zubo, sa'an nan a mayar da ita. A zungure kafofin a hankali da siririyar tsirkiyar roba mai lanƙwasuwa, kada a yi amfani da ƙusa ko wayar ƙarfe, domin tana kankare fenti ta buɗe wa tsatsa ƙofa, ko ta huda bututun. Haka nan kada a bari mai faci ya sa iska mai ƙarfi cikin bututun rufi, don takan fizge shi daga mahaɗinsa a can cikin jikin mota, ruwa ya koma zuba inda hannu ba ya kaiwa. Bayan an gama, a ɗauko buta a tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan cikin kwararon. In ya fito ƙarƙashin mota nan take, to, hanya ta buɗe. Sai a ɗaga kafet, a buɗe ƙofofi, a bar rana ta yi aikinta, in da hali kuma a fesa maganin tsatsa cikin kogon. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak shi kaɗai, wanda kuma ya kai ta gyaran jiki ya gargaɗi mai gyara kada ya liƙe kafofin da nufin kyautatawa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dukiya amana ce, tozarta ta kuwa abin hani ne a shari'a, kuma tozartawa ba ta tsaya ga almubazzaranci ba, gafala ma tana cikinta. Magidancin Boɗinga ko Shagari, tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, yakan hau soro ya duba yaɓe ya share indararo, saboda ya san abin da kwantaccen ruwa ke yi wa azara. Ya kamata ranar da ya sauko daga soron, ya ɗauki butarsa ya nufi inda motarsa take.