Tashar Wutar Hasken Rana da Gonarka

Malam manomi, ranar nan da ke ƙona maka shuka idan ruwa ya ɗauke, ita ce ake samar da wutar lantarki da ita a yau. Ana jera dubban farantan sola a fili, suna karɓar haske suna mayar da shi wuta, ba fetur ba gas. Daga 2010 zuwa 2020 farashin farantan ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, shi ya sa ƙasashe suka duƙufa wajen gina tashoshin. A 2023 an buɗe ta Kumbotso a Kano mai ƙarfin megawat 10, a shekarar kuma Nijar ta kunna ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30.

Amfaninta gare ka a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai noman rani ya san abin da injin ban ruwa ke ci masa. Ƙaramar tasha a ƙauye tana iya tayar da famfo, da injin niƙa, da ɗakin sanyi na ajiye tumatir. Sai dai da dare ba ta ba da wuta sai an haɗa ta da batir, kuma batir ɗin na da tsada.

Abin da ya kamata ka fi lura da shi shi ne ƙasa. Megawat ɗaya kan ci kusan hekta 2, kuma masu ginin sun fi son fili shimfiɗaɗɗe kusa da hanya da layin wuta, wato irin gonar da kai ma kake so. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Saboda haka ka ƙidaya kowane mangwaro da ɗorawa da rijiya da ke gonarka, a rubuta su a gaban mai unguwa, kafin masu awo su iso.

Akwai kuma batun ruwa. Ƙurar hunturu na rufe farantan ta rage musu ƙarfi, dole a riƙa wanke su, a daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Ku tambayi daga ina za a ɗebo ruwan. Ku kuma nemi a rubuta a yarjejeniya cewa tumakinku za su yi kiwo a ƙarƙashin farantan, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Awaki kam ba a barin su, domin suna hawa farantan suna tauna waya.