Girki da ƙanƙara a lokacin bazara

Bazara ta shigo. Daga watan Maris zuwa watan Mayu, har lokacin da ruwan farko zai sauka, rana tana dukan ƙasarmu ba sassauci. A Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram, zafi yakan wuce digiri 40 da tsakar rana, wata rana ma ya kai 45. Rairayi yana ƙona ƙafa. In dare ya yi ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya ja tabarma zuwa tsakar gida. Tuwo ba ya ciwuwa. Baki ba ya son komi sai abu mai sanyi.

Ya kai mai karatu, ka san wanga lokaci sarai. Ka ga yara suna bin mai ƙanƙarar leda da dala biyar a hannu. Ka ga yadda ake layin sayen galas da la'asar, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, kamar yadda aka yi daga 2020 zuwa 2024. Amma akwai abu guda da ya kamata ka riƙe: zafi yana ɓata abinci da sauri, sanyi kuma ba ya gyara abin da ya riga ya ƙazantu. Wanda ya gane wannan ya tsare gidansa daga zawo da amai.

Me ya sa abinci ke saurin lalacewa?

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin cuta. Suna cikin ruwa marar tsabta, da ƙura, da ƙafar ƙuda, da hannun da ba a wanke ba. In sun sami abinci mai laima da ɗumi, sai su yi ta ƙaruwa. Kowace ƙwaya takan rabu biyu cikin minti 20 kacal.

To, mu yi lissafi tare. Ƙwaya 1 ta faɗa cikin miya. Bayan awa 1 ta zama 8. Bayan awa 2 ta zama 64. Bayan awa 4 ta wuce 4.000. Bayan awa 7 ta wuce miliyan 2. Ka ga ke nan miyar da aka sauke da hantsi, aka bar ta buɗe, kafin magariba ta zama wani abu dabam.

Ƙwayoyin nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin bazara yana tsakiyar wannan. Shi ya sa a lokacin ɗari tuwo yake kwana lafiya lau, a bazara kuwa kafin asuba ya yi yauƙi. Kada ka dogara da hanci kaɗai. Abinci yana iya ɗauke da cuta tun bai fara wari ba.

Yadda za a yi girki a bazara

Ke uwargida, ga abubuwan da za su taimake ki.

Na farko, ki rage tukunya. Ki dafa daidai cikin mutanen gida. Gara a hura wuta sau biyu da a zubar da rabin tukunya, ko a kwana gidan likita. Masana kiwon lafiya sun ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, in ba cikin firigo ba.

Na biyu, ki zaɓi lokaci. Ki yi babban girki da sassafe, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ki kafa murhu ƙarƙashin rumfa, inda iska ke wucewa. Murhun laka mai kewaye, ko murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, yana tara wuta ƙarƙashin tukunya. Itace ya ragu, zafin da ke dukan fuskarki shi ma ya ragu. Ki ajiye ruwan sha kusa da ke, kina girki kina kurɓa.

Na uku, ɗumame. In abinci ya ragu, kada ki ɗan ɗumama shi sama-sama. Ki mai da shi wuta har miya ta tafasa, har tururi ya ratsa tsakiyar tuwo. Ki yi hattara da shinkafa, domin ita tata ta fi. In dafaffiyar shinkafa ta wuni ko ta kwana cikin zafi, ƙwayoyin sukan bar wani dafi a cikinta, wanda ko wuta ba ta kashe shi. Irin wannan kada ki ba yara.

Na huɗu, nama da kifi. Ki saye su da safe, ki dafa nan take. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama, kada ta taɓa tumatir ko albasar da za a ci ɗanye, sai an wanke ta da sabuni.

Na biyar, ki nemi abinci marar nauyi. Dambu da zogala, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, fate, kunun tsamiya, fura da nono: duk waɗannan suna shiga ciki da sauƙi. Amma ki lura da ruwan da kike dama fura da shi. Nonon da aka tatso yanzu kuma, a tafasa shi kafin a sha ko a kafa shi.

Kada mu manta da dabarar kakanninmu. Ranar da ke ɓata abinci, ita ce kuma ke adana shi. Kilishi, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir, da garin kuka suna daɗewa domin rana ta shanye ruwan jikinsu. Inda babu laima, ƙwayar cuta ba ta samun wurin ƙaruwa.

Sanyi ba tare da lantarki ba

Ba kowane gida ke da firigo ba, amma kowane gida yana da randa ko tulu. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ruwan randa yake sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa ta nan kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka gumi yake yi wa jikinka. Shi ya sa sabon tulu irin na Mirriya ya fi tsohon da ƙofofinsa suka toshe sanyaya ruwa. Ka sa randa a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Ka rufe bakinta. Ka ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada kowa ya riƙa tsoma hannu.

Da wannan dabara wani malamin makaranta mai suna Mohammed Bah Abba ya yi aiki a jihar Jigawa ta Nijeriya, maƙwabciyar Damagaram. Ya yaɗa abin da ake kira tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kai ma kana iya yi. Ka sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ka sa ƙaramar cikin babbar. Ka cika tsakaninsu da rairayi, ka jiƙa shi da ruwa safe da marece. Ka zuba tumatir, ko yalo, ko tattasai, ko ganye cikin ƙaramar, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. Kayan miya za su ƙara kwanaki ba su ruɓe ba. Abin ya fi aiki in iska busasshiya ce. Amma fa ba firigo ba ne: kada ka ajiye nama ko dafaffen abinci a ciki.

Ƙanƙara ba ta kashe cuta

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Za ka ji ana cewa: «Ai ya daskare, ba abin da zai rayu a ciki.» Ba haka ba ne. Wuta ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Sanyi kwantar da su kawai yake yi, kamar mai barci. Da ƙanƙara ta narke, sai su farka. Ƙwayoyin kwalara da na zazzaɓin taifot suna iya rayuwa cikin ƙanƙara. Saboda haka tsabtar ƙanƙara daidai take da tsabtar ruwan da aka yi ta da shi, da hannun da ya ƙulla ta.

Kai maigida, in ka sayo ƙaton galas a bakin hanya, ba ka san ruwan da aka yi shi da shi ba. Ba ka san buhun da aka naɗe shi ba. To, kada ka jefa shi cikin ruwan sha ko cikin fura. Ka zuba abin shan a kwalba ko kwano mai murfi, ka sa cikin bokiti, ka kewaye shi da galas ɗin. Sanyi zai shiga, ƙazanta ta tsaya waje.

Yadda za ki yi ƙanƙarar gida

In kina da firigo, ko maƙwabciya tana ba ki wuri a nata, gara ki yi wa yaranki da hannunki. Ki fara da ruwa. Ki tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka, ki rufe, ki bari ya huce. Ko ki sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta, ki jira minti 30. Ki wanke hannu da sabuni. Ki wanke rariya, da ludayi, da roba.

Ta zoɓo: ki wanke busasshen zoɓo cikin hannu uku, ki zuba a ruwa lita 3. Ki sa dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan. Ki tafasa kamar minti 10. Ki tace, ki sa sukari tun da sauran zafi, ki rufe ya huce.

Ta kuka: ki jiƙa ƴaƴan kuka cikin tafasasshen ruwan da ya huce, har garin ya saki ƙwallon. Ki murje, ki tace, ki zuba madara da sukari. Wannan tana da kauri, yara suna son ta ƙwarai.

Ta tsamiya: ki jiƙa tsamiya da ruwan zafi, ki tace, ki sa citta da sukari.

Ta mangwaro: bazara lokacin mangwaro ce. Ki wanke nunanne, ki fere, ki matse naman ta cikin rariya, ki ƙara ruwa kaɗan. Ba ya bukatar sukari da yawa.

Ta kunun aya: aya tana da yawa a ƙasar Maraɗi, kununta kuwa ba a magana. Sai dai ya fi duka saurin lalacewa. Da kin tace, ki ƙulla, ki kai firigo ba jira.

Wajen ƙullawa ki kiyaye abu uku. Ki yi aiki da sabuwar farar leda, ba wadda aka taɓa amfani da ita ba. Kada ki hura leda da baki don ta buɗe, numfashi yana tafe da yawu. Kada ki cika ta fal, domin ruwa yana kumbura in ya daskare, yana ƙara wajen kashi ɗaya cikin goma, sai leda ta fashe. Ki sani kuma, in sukari ya yi yawa ƙanƙara ba ta saurin kamawa.

In wuta ta ɗauke

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a bazara. In ta faru, kada a yi ta buɗe firigo. Firigo na abinci yana riƙe sanyi wajen awa 4 in yana rufe. Babba na ƙanƙara, in cike yake, yana iya kai kwana biyu. In rabi ne, kwana ɗaya. Abin da aka yi da madara, ko nono, ko aya, in ya narke har ya yi ɗumi, kada a sake daskarar da shi. A zubar. Asarar dala ɗari ta fi sauƙi bisa ga jinyar yaro.

Ke mai sana'ar ƙanƙara, wannan magana taki ce. Yaran da ke saye a ƙofar makaranta ɗiyan mutane ne, amana ce a hannunki. Ki wanke kula kullum. Ki koya wa mai talla kada ya mai do da narkakkiya cikin sabuwa. Unguwa ba ta mantuwa: an san mai tsabta, an san wadda ba ta da ita.

In ciwo ya zo

Zawo a lokacin zafi yana tsotse ruwan jikin yaro cikin awoyi kaɗan. Kada a jira. A dama garin ruwan gishiri da sukari na gidan likita cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a ba shi zoɓo ko lemu mai zaƙi a madadin wannan, yawan sukari yana ƙara zawo. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko an ga jini, ko zawon ya yi kama da ruwan shinkafa, a tafi gidan likita nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Jinjirin da bai cika wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, ko ana zafi kamar me. Ba ruwa, ba ƙanƙara. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa, ta yawaita ba shi mama.

Kammalawa

Ƙanƙara daɗin baki ce, ba laifi a sha. Amma ruwa mai tsabta shi ke kashe ƙishirwa. Ku dafa daidai ci, ku rufe abinci, ku tafasa ruwan ƙanƙara, ku wanke hannu. In shan ta ya ƙare, a tara ledar wuri guda, kada awaki su haɗiye. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu damina lafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa abinci ya fi saurin lalacewa a bazara?
2. Awa nawa dafaffen abinci zai iya yi a ajiye ba firigo?
3. Shin ƙanƙara tana kashe ƙwayoyin cuta?
4. Yaya za ka sanyaya fura da galas ɗin da ka sayo a hanya?
5. Rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.