Geisha Ba Karuwa Ba Ce: Raddi Ga Masu Ɗaukar Ƙagaggen Labari A Matsayin Tarihi

Tun da littafin Memoirs of a Geisha na Ba'amurke Arthur Golden ya fito a 1997, masu karatu da yawa suke ajiye shi da fahimta guda: geisha karuwa ce mai tsada da aka lulluɓe da siliki da farar hoda. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2005 ya ƙara wa wannan fahimta gindin zama. Ban cika ganin laifinsu ba. Littafin ya buɗe ne da bayanin wani farfesa da ya ce daga bakin Sayuri, geishar da littafin ke ba da labarinta, ya ji labarin ya rubuta, alhali shi da Sayuri duk ƙirƙira ne. Wanda aka yi wa irin wannan shimfiɗa dole ya zaci tarihi yake karantawa.

Sai dai matar da Golden ya zauna da ita a Kiyoto ya sha labari, Mineko Iwasaki, ita ce ta ƙaryata shi. Tana cikin fitattun geisha na unguwar Gion, har ta bar sana'ar tana shekara 29. Ta ce sun yi da shi ba zai ambaci sunanta ba, sai ga shi a shafin godiya. Ta kai shi kotu a 2001, suka sasanta a wajen kotu a 2003. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gwanjon budurcin Sayuri, wanda kuma shi ne abin da masu karatu suka fi riƙewa. Ta ce a Gion da ta sani, al'adar mizuage, wadda littafin ya mayar gwanjo, shaidar girma ce, ana sauya wa yarinya gyaran gashi, babu ciniki a ciki. A 2002 ta fitar da nata littafin, Geisha, A Life.

A can za ka ga aikin da kansa. Tana 'yar shekara shida ta fara koyon rawa. Ga kiɗan shamisen mai tsirkiya uku, ga waƙa, ga ladabin haɗa shayi, ga iya riƙe hira da baƙo dare guda ba tare da ya gundura ba. Tun 1872 geisha na Gion suke yin rawar Miyako Odori a bainar jama'a lokacin bazara. Tun a ƙarni na 18 ma an raba sana'o'in biyu: a 1779 aka kafa ofishin sa ido a unguwar Yoshiwara don hana geisha shiga harkar karuwai masu lasisi. Ko a sutura ana gane su, domin manyan karuwan a gaba suke ƙulla ɗamararsu, geisha kuwa a baya. Ruɗanin ya ƙaru ne bayan 1945, lokacin da sojojin Amurka suka riƙa kiran matan da ke binsu da sunan geisha.

Masu ganin geisha karuwa ce suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma ba zan tsallake ta ba. Labarin Golden na shekarun 1930 ne, ita kuwa Iwasaki a 1949 aka haife ta. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, talakawa sun sayar da 'ya'yansu mata ga gidajen geisha, bashi ya ɗaure su. Sayo Masuda, wadda aka sayar tana shekara 12 ta yi aiki a garin Suwa, ta rubuta a 1957 yadda aka yi cinikin jikinta. Wannan zalunci ne, ya faru, kuma sai a 1958 dokar hana karuwanci ta fara aiki gadan-gadan a Jafan. Amma abin da talauci ya jawo wa wasu mata a wani zamani bai isa ya zama sunan sana'ar gaba ɗaya ba. Mu ma mun san yadda ake saurin shafa wa macen da ke waƙa ko rawa baƙin fenti.

Kuma hukuncin a kan rayayyu yake faɗawa. A shekarun 1920 geisha sun kai kimanin 80,000. Yau kaɗan suka rage, masu yawon buɗe ido na tare musu hanya da kyamara, har a 2019 aka sa tarar yen 10,000 ga mai ɗaukar hoto a lungunan Gion ba da izini ba.

Duk wanda ya ji daɗin littafin Golden, to ya nemi na Iwasaki da na Masuda ya karanta kafin ya yanke wa waɗannan mata hukunci.