In Tiyon Lagireto Ya Ƙi Daina Yoyo, Ina Za A Duba?

Duk mai bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, ya kuma saba ganin motoci a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi. A nan ne tsohuwar Peugeot 504 ɗinmu, irin wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, ta tsaya da mu a wani watan Disamba, muna ɗauke da tsofaffi da yara za mu gida Kirsimeti. Abin takaici, sau uku ke nan muna sake tiyon sama na lagireto cikin wata shida.

Da wani dattijon bakanike ya cire tiyon, bai ko dube shi ba. Sai ya nuna mana bakin ƙarfen da ake cusa tiyon a kai. Tsatsa ta cinye shi, ya yi rami-rami kamar dutsen niƙa. Ashe roba ba ta da laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan shi ne darasin farko. Ko da sabon tiyo ne, ba zai riƙe ruwa a kan baki mai kaushi ba. Sai a goge bakin da samfefa har ya yi sumul. In ramukan sun yi zurfi, ko ya tsage, a sake shi dungum. Ruwan rijiya da na rafi su ne kan kawo wannan ɓarna, don haka gara a riƙa zuba ruwan nan mai launi da ake sayarwa domin lagireto, gama yana hana tsatsa.

Na biyu shi ne kilif. A bakin bututun akwai ɗan tudu da ya zagaye shi. Bayan tudun ake ɗaure kilif, ba a kansa ba. In an matse da yawa, sai ya yanki robar. In an ɗaure da waya, kamar yadda wasu ke yi, sai ta ci tiyon sannu a hankali. Sabuwar roba kuma takan lafa bayan ta sha zafi, saboda haka a sake ɗan matsawa bayan kwana biyu ko uku, lokacin da injin ya huce.

In an yi duk wannan amma yoyo bai tsaya ba, to ƙarfin iska ne ya yi yawa a ciki. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto na danne shi don ya jure zafin da ya fi haka, sa'an nan ya saki rarar in ta wuce kima. Murfin da ya cije ba ya saki, sai ƙarfin ya nemi mafita a tiyo. Mafi muni shi ne gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Ga yadda ake ganewa: da safe, kafin injin ya yi zafi, a buɗe murfin a tayar da mota. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, iskar cikin inji ce ke shiga ruwan, kuma ko tiyo goma aka sa, duk za su fashe.

A kuma duba ko baƙin mai na ɗiga a kan tiyon, domin yana kumbura roba. Haka nan robar da injin ke zaune a kai, in ta mutu, injin kan yi ta jijjiga yana fizgar tiyon.

Muna roƙon masu karatu abu biyu. Kada a zuba gari ko ɗanyen ƙwai a lagireto da sunan toshe yoyo, domin hanyoyin ruwan za su toshe. Kada kuma a taɓa buɗe murfi injin na da zafi, tafasasshen ruwa zai watso wa mutum a fuska.

Mu dai, bakin ƙarfe ɗaya da kilif biyu muka saya. Tun daga ranar motar ba ta ƙara ɗigar da ruwa ba, ta kuma hau Kibo lafiya lau.