Ko Kun Sani? Fitilar Hoto Ta Fi Aiki Nesa da Kyamara

Ko kun san cewa fitilar da ke zaune bisa kyamara ita ce ke ɓata hotunan biki da dama? Haskenta na dukan fuska kai tsaye, ya shafe inuwar da ke fito da kamanni, wani lokaci ma ido ya fito ja saboda fitilar na dab da gilashin kyamara. Ga kuma dokar haske: idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke isa, shi ya sa amarya ke ƙyalli, ƙawayenta na baya suna cikin duhu. Maganin shi ne a kafa wata fitila a gefen zaure, a riƙa kunna ta da ƙaramar na'urar rediyo da ake maƙalawa bisa kyamara. Irin ta kamfanin Godox na aiki a zangon gigahaz 2.4, Canon kuwa ta sa rediyo cikin fitilarta 600EX-RT tun 2012.

Wani zai ce ai harba haske sama ya dawo daga silin ya wadatar. Gaskiya ne a ɗaki mai farin silin maras tsawo, amma a fili ko ƙarƙashin rumfa mai launi, ko dai hasken ya ɓace ko ya dawo da launin yadin. Masu cewa a yi amfani da fitilar da ke tashi idan ta hangi walƙiyar wata, wadda ta fi araha, sun manta cewa kyamarar kowane baƙo na iya tayar da ita, rana tsaka kuma takan kasa gani. Rediyo ba ruwansa da wannan, kuma yana da tashoshi da yawa, don haka masu hoto biyu sai kowa ya zaɓi tasa.